Zafin Tekun Fasifik Da Lafiyar Iyalanku A Gwarzo Da Kabo: Yadda Za Ku Amfana Da Hasashen Damina

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen yanayin shekara. A ciki takan faɗi lokacin da ake sa ran saukar damina, lokacin ɗaukewarta, yawan ruwan da za a iya samu, inda ruwa zai iya tsayawa na kwanaki bayan shuka, da kuma irin zafin da za a sha da bazara. Idan labarin ya zo a rediyo, yawancinmu mukan bar wa manoma. To amma idan a gidanku akwai mai juna biyu, ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ko dattijo mai hawan jini, ko mai sikila, wannan labarin ya shafe ku kai tsaye. Layin da ake yi a babban asibitin Gwarzo a watan Satumba, da yaran da ake kawowa da tamowa daga ƙauyukan Kabo a watan Yuli, duk suna da alaƙa da yadda damina ta kasance. Ita kuma damina, wani ɓangare na halinta ana iya hango shi watanni kafin hadarin farko ya haɗu, ta hanyar auna zafin ruwan teku.

Me ya haɗa mu da tekun da ba mu taɓa gani ba?

Tekun Fasifik shi ne mafi girma a duniya. Ya shimfiɗa tun daga gaɓar Kudancin Amurka har zuwa Indonesiya da Ostireliya. A shekarun da komai ke tafiya yadda aka saba, iska tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma, tana tura ruwan ɗumi ta tara shi wajen Indonesiya, ruwan sanyi kuma ya taso daga ƙasa a gaɓar Peru. Amma duk bayan shekara 2 zuwa 7 wannan iska takan yi rauni, ruwan ɗumin ya malalo baya zuwa tsakiya da gabashin tekun. Masuntan Peru ne suka fara lura da haka tun da daɗewa, suka kira shi El Nino, wato "yaron" a harshen Sifaniyanci, saboda yakan bayyana musu a daidai lokacin Kirsimeti. Idan aka sami akasin haka, iskar ta ƙara ƙarfi, ruwan ya yi sanyi fiye da kima, shi ake kira La Nina.

Inda ruwan teku ya yi ɗumi, nan tururi ke tashi, nan gajimare ke taruwa. Saboda girman Fasifik, idan wurin taruwar gajimarensa ya gusa, tsarin iskar duniya gaba ɗaya sai ya motsa. Daminarmu kuwa iska ce ke kawo ta. Iska mai laima tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa, har ta iso ƙasar Kano a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ta yi marka a Agusta, sannan ta koma a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. El Nino yakan ɗumama iskar sama a duk faɗin ƙasashe masu zafi, wanda ke sa hadari ya yi wuyar haɗuwa. Shi ya sa a yankinmu shekarun El Nino suka fi karkata ga ƙarancin ruwa, shekarun La Nina kuma ga yawansa.

Dattawan Getso da Garo ba sa bukatar a ba su labarin farin 1973 da na 1983 zuwa 1984. Dukansu sun zo ne dab da manyan El Nino, na 1972 zuwa 1973 da na 1982 zuwa 1983. A 1986 masana a ofishin yanayi na Ingila, ƙarƙashin jagorancin Chris Folland, suka nuna cewa yawan ruwan Sahel yana tafiya da zafin tekunan duniya, kuma daga nan aka fara gwada yi wa yankin hasashen damina.

Yadda ake sa ido

El Nino na 1982 ya zo wa masana a ba-zata, sai da ya kankama suka ankara. Wannan ne ya sa aka jera na'urori kusan 70 masu yawo a kan ruwa, ɗaure da igiya a ƙasan teku, a tsakiyar Fasifik, aka kammala aikin a 1994. Suna auna zafin ruwa daga sama har zuwa zurfin mita 500, da ƙarfin iska, suna aika sakamakon ta tauraron ɗan'adam. Akwai kuma wasu na'urori kusan 4,000 da ke nutsewa suna tasowa a tekunan duniya, ga taurarin ɗan'adam da ke auna zafin saman ruwa kullum.

Hukumar NOAA ta Amurka tana tattara wannan bayani ta fitar da sanarwa kowane wata. Ma'aunin da take bi shi ne: idan zafin wani yanki na tsakiyar tekun ya haura abin da aka saba da rabin digiri, ya ɗore watanni, iska da gajimare suka bi sahu, to El Nino ya shigo. Idan ya sauka da rabin digiri, La Nina ce. A kan irin wannan bayani NiMet ke gina nata hasashen. Sannan cibiyar AGRHYMET da ke Yamai takan tara masana yanayi na Afirka ta Yamma, galibi a watan Afrilu, su fitar da hasashen Sahel baki ɗaya.

Wannan aiki daban yake da duba ko bugun ƙasa. Gaibu na Allah ne. Abin da masanan ke yi kirdado ne bisa alamu, kamar yadda likita zai auna jininku ya ce muku yana hawa, ku kiyaye. Bai san ranar da cuta za ta zo ba, bai kuma ce lallai za ta zo ba, amma mai hankali ba ya watsi da gargaɗin.

Abin da shekarun baya-bayan nan suka nuna

Daga 2020 zuwa farkon 2023 an yi La Nina shekara uku a jere. A 2021 Najeriya ta sha annobar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa: sama da mutum 111,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano, Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, maƙwabciyarmu Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Teku ba ya haifar da kwalara. Kashi ne ke shiga ruwan sha. Sai dai idan ruwa ya yi yawa, masai ya cika ya tumbatsa, rijiyar da ba ta da baki ta gurɓata, hanyar cutar ta buɗe.

A tsakiyar 2023 aka sanar da shigowar El Nino. Ya kai ƙololuwa a ƙarshen shekarar, zafinsa kuma ya biyo baya. Bazarar 2024 ta zo daidai da azumin Ramadan, kuma duk wanda ya yi azumin a ƙasar Kano yana tuna ta. A garin Kayes na Mali zafi ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya rubuta mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a duk watan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya rubuta. Da yawansu tsofaffi ne. Masanan da suka binciki wannan zafi sun ce ɗumamar duniya ce babban dalili, El Nino ya ɗan ƙara ne a kai. Shekarar 2024 ta ƙare a matsayin mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Sannan a wannan shekarar ta 2024, bayan El Nino ya wuce kuma La Nina ba ta kankama ba, aka yi ruwa mai yawa a Sahel, har madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba ta mamaye Maiduguri. Wannan ya nuna cewa Fasifik ba shi kaɗai ke juya damina ba. Tekun Atlantika da ke kudu da mu ya fi kusa: idan ruwan gaɓar Legas da Akara ya yi ɗumi sosai, ruwan sama yakan maƙale a kudu ya yi jinkirin isowa arewa. Idan kuma Bahar Rum da arewacin Atlantika ne suka yi ɗumi, Sahel yakan ƙara samun ruwa.

Kada ku ɗora wa hasashe abin da ba zai iya ɗauka ba

Idan kun ji an ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin ɗari El Nino zai shigo, ma'anarsa ita ce cikin shekara goma masu irin waɗannan alamu, a shida ya shigo, a huɗu bai shigo ba. Wanda ya ce hasashe ƙarya ne don shekara ɗaya ta saɓa, bai fahimci lissafin ba. Wanda kuma ya sayar da irinsa don an ce za a yi fari, shi ma bai fahimta ba.

Akwai wani rauni da masanan kansu suka yarda da shi. Hasashen Fasifik da aka yi tsakanin Fabrairu da Mayu shi ne mafi ƙarancin tabbas, domin a lokacin ne tekun ke sauya hali. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da hasashen shekara ke iso muku. Saboda haka ku ɗauki na farkon shekara a matsayin sallama, ku ci gaba da sauraron sabuntawar watan Mayu da Yuni, da hasashen kwana uku da NiMet ke fitarwa.

Haka nan hasashen yakan ba da ranaku ga ƙananan hukumomi, amma ba zai iya bambance Lakwaya da Kutama ba. Kun sha ganin an yi ruwa a gonar wani, ta maƙwabcinsa ƙura na tashi. Kuma ko a shekarar da jimillar ruwa ta yi ƙasa, ruwan dare ɗaya ya isa ya rusa ɗakin ƙasa a kan mutane.

Amfaninsa: kowace cuta da lokacinta

Babban amfanin hasashe ga lafiya shi ne tazarar da ke tsakanin alama da cuta. A wannan tazarar ake shiri.

*Idan an yi gargaɗin tsananin zafi.* Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a yankinmu. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, masu ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ciwon suga da sikila. Ga mai sikila, ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Idan kuna shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ku ga likita kafin bazara don ya duba ko akwai gyara, kada ku daina da kanku. Allurar insulin tana lalacewa a zafi. Inda babu firij, ku sa ta a gwangwani mai murfi ku ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, a inuwa. Jaririn da bai kai wata shida ba, a ƙara ba shi nono, ba ruwa ba. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara ruɗewa ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a wuce asibiti nan take.

*Idan an ce ruwa zai yi yawa.* Kafin Yuni ku gyara bakin rijiya, ku yi mata murfi, ku yashe magudana, ku duba katanga da rufin ɗakin da yara ke kwana. Ku tanadi ƙullin ORS da ƙwayar zinc a gida. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A fara ba shi ORS tun daga gida, a ci gaba da ba shi a hanya har a isa asibiti. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa sinadarin tsaftace ruwa. Masu juna biyu da ke ƙauyukan da rafi ke yanke wa hanya su tsara tun wuri inda za su haihu da abin hawan da zai kai su.

*Zazzaɓin cizon sauro.* Yakan yi ƙamari makonni bayan ruwa ya zauna, daga Agusta zuwa Oktoba. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. A jihar Kano ma'aikata kan bi gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya kowane wata. Su ke ba da na rana ta farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunku yake, kuma idan ba a ba da shi ba kariyar ba ta cika. Kada ku sassauta don an ce ruwa zai yi ƙaranci. Kududdufai da ramukan haƙar ƙasa suna riƙe ruwa, ga masu zaune kusa da madatsar Guzuguzu a Kabo ko ta Challawa a Ƙaraye, waɗanda sauro ba ya barinsu ko da rani. Gidan sauro kullum, gwajin jini kafin shan magani, mai juna biyu kuma ta je awo ta karɓi nata maganin kariyar.

*Idan damina ta gaza.* Yunwa ba ta bayyana da kaka. Sai rumbu ya ƙare, daga Yuni zuwa Agustan shekara mai zuwa, sannan ake ganin yara suna ramewa. Wato tsakanin gargaɗin teku da tamowar yaro akwai sama da shekara guda. Ku nemi shawarar malaman gona na KNARDA kan iri mai saurin nuna. Kada a kwashe wake, gyaɗa da waken soya duka a kai kasuwa da kaka, a ware na kunun yara. A asibiti ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da wani tef mai launi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani. A kula da allurar ƙyanda, domin ita da tamowa idan suka haɗu sun fi kisa. Ƙari a kan haka, gyaɗa da masarar da fari ya buga, ko aka adana da laima, sukan yi fumfuna mai guba da ke lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A busar da kyau, a tsince ruɓaɓɓu a zubar.

*Sanƙarau.* Lokacinsa daga hunturu ne zuwa saukar ruwa, sa'ad da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa. Jinkirin damina na tsawaita wannan lokaci. Kano ba ta manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko tasowar maɗigar jariri, ba abin jira ba ne har gari ya waye.

Inda gizo ke saƙar

Bayanin yana nan, amma sau da yawa yana tsayawa a Abuja da Kano. Hasashen NiMet na ɗauke da taswirar inda ya kamata a yi hattara da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, ana kuma fassara taƙaitaccensa da Hausa. Abin tambaya shi ne ko yana sauya abin da ake ajiyewa a ɗakin magani na ƙaramin asibitin ƙauye. Idan an ce ruwa zai yi yawa, ya kamata ORS, ruwan ƙari da maganin saran maciji su isa tun Mayu, kafin hanya ta lalace. Idan damina ta gaza a Oktoba, ya kamata a fara lissafin abincin warkar da tamowa tun lokacin.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne yawancin idanun da ke kallon teku da kuɗin waje suke aiki. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta rage ma'aikatan NOAA, ta kuma dakatar da tallafin ƙasashen waje, har shirin FEWS NET mai gargaɗin yunwa, wanda aka kafa a 1985 bayan farin Sahel da Habasha, ya tsaya na watanni kafin ya dawo. A wannan shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farko. Katsina kuwa iyaka ɗaya muke da ita daga Gwarzo. Idan tallafi na raguwa, shirin da za a yi a gida da ƙaramar hukuma shi zai cike giɓin.

A nan kuna da ta cewa. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido kan asibitinta. Ku tambaye su, ku tambayi kansila da mai unguwa: an ga hasashen bana? Me aka tanada? An gyara famfon da ya lalace? Limamai da masu sanarwar gari za su iya isar da gargaɗin zafi ko ambaliya cikin yini ɗaya zuwa inda takarda ba ta kaiwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan hasashen shekara ya fito, ku zauna a gida ku lissafa waɗanda suka fi rauni a cikinku, yaro ne ko tsoho ko mai ciki ko mai jinya, ku duba wane lokaci ne ya fi yi musu haɗari, ku kai katin asibitinsu wurin ma'aikacin lafiya ku ji abin da ya kamata a tanada. Ku sake sauraron sabuntawa a watan Mayu, ku gyara shirin idan labari ya sauya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana lafiya.